Ranar da Mama Mai Kifi Ta Shiga Layi

Na daɗe ina koya wa 'yan aji biyar tsarin gwamnatin ƙasar nan a wata firamare a Samaru, kuma ba yabon kai ba, na iya darasin. Ina da wani kwali da na zana da hannuna, tsani mai hawa uku. A sama gwamnatin tarayya, shugaban ƙasa da majalisu biyu, ta dattawa da ta wakilai. A tsakiya jiha, gwamna da majalisarsa. A ƙasa ƙaramar hukuma, ciyaman da kansiloli, kowace mazaɓa da nata kansila guda. Can gefe na zana kotu da ɗan sikelinta. Nakan buga rula a kan hawan ƙasa in ce, "Shugaban ƙasa sai a talabijin, gwamna sai dai ku ji jiniya, amma kansila kuna iya zuwa ku ƙwanƙwasa masa ƙofa." Yara su maimaita da ƙarfi har malamin aji huɗu ya leƙo ya ce mu rage. A lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, kuma na yarda da kowace kalma da nake faɗa musu.

A Muchia nake zaune, cikin Sabon Gari, a gidan da mahaifinmu ya bari. Ma'aikacin coci ne, bai tara komai ba sai wannan gida, muka cika shi ni da ƙannena da matansu da 'ya'yansu. Kullum da safe in hau bas zuwa Samaru, da yamma in dawo. Lungunmu yana da kwata guda da ta toshe tun ina budurwa. Da rani wari, da damina kuma ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane.

Ɗakin da ruwa ke fara gaisarwa shi ne na Mama mai kifi. Yana tsallaken lungu, daidai ƙofarmu, ɗaki na farko a wani babban gidan haya. Mama 'yar kudu ce, an kawo ta Zariya tana amarya, mijinta ma'aikacin reluwe. Ya rasu, 'ya'yanta biyu ma suka riga ta, ta zauna. Tagar ɗakin tana kallon lungu, a gindinta take kafa murhu tana suyar kifi, masu saye su tsaya a waje. Wato ɗakin nan shi ne gidanta, shi ne kuma shagonta. Babu wata takarda tsakaninta da mai gidan, magana ce ta baki da aka yi tun mijinta na da rai. Ta goya ni ina jaririya duk ranar da mahaifiyata ta tafi kasuwa. Da na zama malama sai ta daina kiran sunana, ta koma ce mini Tica, kuma tana faɗinsa da wani irin alfahari kamar ita ta biya mini makaranta.

Mai gidan hayar kowa Baba Lanlod yake ce masa. Dattijo ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya. Shi ne kuma shugaban jam'iyya mai mulki a mazaɓarmu. Na san haka sarai, amma a kwalina babu inda na zana jam'iyya, don haka ban ɗauki muƙamin nasa a bakin komai ba.

Wata rana ana tashi daga makaranta sai ga wani abokin ƙanina yana jirana a bakin ƙofa. A tukunyarmu ya girma, Yaya yake ce mini. Ya gama jami'a bai sami aiki ba, ya buɗe shagon hotokofi a Samaru kusa da inda ɗalibai ke haya. Shi ne ma ya liƙa wa kwalina leda don kada ruwa ya ɓata shi, bai karɓi ko sisi ba. Ya raka ni har tasha, sai da muka kusa ya ce zai nemi kansila.

"Yaya, kin san matsalarmu ba ta Abuja ba ce, ba ta Kaduna ba ce. Kwatar nan aikin lokal ne, ƙaramar hukuma. In na shiga, damina ɗaya, finish."

Ya yi mini bayanin da ba ya cikin littafin da nake koyarwa. A mazaɓarmu duk wanda jam'iyyar nan ta tsayar ya riga ya ci, zaɓen akwati cika sharaɗi ne kawai. Don haka zaɓe na gaskiya shi ne na fid da gwani, kuma a wannan karon ƙato bayan ƙato za a yi. Wato ba akwati, ba dangwale a ɓoye. Kowane ɗan takara zai tsaya a fili, masu sonsa su jera layi a bayansa, a bi ana taɓa kai ana ƙirgawa a gaban kowa. Na ce ai wannan ya fi, ba mai satar akwati, ba mai cusa ƙuri'a. Na tambaye shi da wa zai kara. Ya ce da ɗan ƙanwar Baba Lanlod.

Ni ba na yin abu rabi da rabi, wannan halina ne tun ina yarinya, kuma ya sha jefa ni a wahala. Na ɗauki maganar yaron nan kamar aikin coci. Na shiga zumuntar mata ta coci na yi musu darasin tsani, har da kwalin na kai. Na bi masu tumatir da masu gwanjo da teloli, na sa suka yanki katin jam'iyya, don sai da kati ake shiga layi. Ana saurarona saboda an san ni malama ce, ba a taɓa ganina da hular kowa ba. Sai dai ko'ina na je a lungunmu, tambaya ɗaya ake yi mini: Mama mai kifi za ta fito? 'Yan haya sun ce in ta fito za su fito. Matan kifi na kasuwa ma haka suka ce.

Na same ta da yamma tana juya kifi a kasko. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba.

"Tica, zaɓe na akwati ina zuwa. Na shiga, na dangwala, na fito, ba wanda ya san abin da na yi sai Allah. Wannan naku kuwa ido da ido ne. Baba zai zauna yana kallo."

"To sai me, Mama? 'Yancinki ne. Dokar ƙasa ta ba ki."

"Dokar ƙasa ba ta da ɗaki a Muchia. Ni ɗaki ɗaya nake da shi. Abeg, ku yi abinku, zan yi muku addu'a."

Da mai hankali ce ni, da nan na tsaya. Na dubi ƙofar gidanmu da ba mai iya korata daga cikinsa, ban ga bambancin da ke tsakanina da ita ba. Raina ma ɓaci ya yi, na ce a zuciyata tsoro ne irin na tsofaffi. Washegari na kawo mata ɗan takarar da kansa. Ya cire takalmi, ya durƙusa a kan damshin ƙofarta da farin wandonsa. Ya nuna layin da ruwa ya bari a jikin bango, ya ce kunya ce a gare shi uwa kamarta ta riƙa kwashe ruwa da roba. Ya ce in ya zama kansila, Baba da kansa zai riƙa gaishe ta, ba mai taɓa ta. Mama ba ta dube shi ba, ni take kallo. Sai na dafa ƙirji na ce, "Mama, ni na tsaya miki. Ba abin da zai sami ɗakin nan." Ta goge hannu a zani, ta ce ta ji.

Ranar zaɓen aka taru a filin wata makaranta tun hantsi. An kafa teburi, wani jami'in jam'iyya da aka turo daga Kaduna ya zauna da takardunsa. 'Yan takara biyu suka tsaya nesa da juna, kowanne da mai riƙe masa fosta. Baba Lanlod ya sa an kawo masa kujera gindin dalbejiya, daidai inda duk mai shigowa sai ya wuce ta gabansa. Murmushi kawai yake yi yana amsa gaisuwa. Na ga maza manya sun shigo da niyyar layinmu, suna haɗa ido da shi sai ƙafarsu ta kai su ɗaya layin. 'Yan hayarsa kuwa suka taru a bakin ƙofa, ba su shiga nan ba, ba su shiga can ba. Rana ta yi zafi, layinmu bai kai nasu ba, ni kuma ina ta leƙen hanya.

Can sai ga Mama. Ta ɗaura zaninta na zuwa coci, da ɗankwali mai tsayi, tana tafe a hankali saboda gwiwa. Ta je gaban Baba Lanlod ta rusuna ta gaishe shi yadda ta saba, ya amsa. Sannan ta juya ta ratsa filin nan ita kaɗai, kowa na kallo, ta zo ta tsaya daidai bayana. Na ji numfashinta a wuyana, na ji ƙanshin hayaƙin kifi da ba ya barin kayanta. 'Yan haya suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, matan kifi suka biyo su, layinmu ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan ajujuwa.

Ba sai an ƙirga ba, amma aka ƙirga. Jami'in ya bi yana taɓa kawuna yana faɗa da ƙarfi, mu muna maimaitawa. Da ya faɗi sakamako mata suka ɓarke da guɗa da waƙa, aka ɗaga yaron nan sama. Ya sauko ya rungume ni yana hawaye, yana cewa, "Yaya, ke kika yi wannan." Na yi kuka ni ma. Na ce yau abin da ke jikin kwalina ya sauko ƙasa na gan shi da idona. Baba Lanlod ya tashi ya ba shi hannu, ya sa aka ɗauke masa kujera ya tafi.

Kwana uku bayan nan aka aiko wa Mama cewa mai gida yana son ɗakinsa ƙarshen wata, zai yi gyara. Ta tsallako ta faɗa mini a tsaye, ba ta zauna ba. Na ce kada ta damu, barazana ce, bari a kafe suna. Jam'iyya za ta kafe sunayen waɗanda ta tsayar a ofishinta, daga nan yaronmu ya zama kansila mai jiran gado, ya je ya yi wa Baba magana. Na neme shi a sabuwar wayar salular da ya saya, ba ta shiga. Na je shagonsa a Samaru, a rufe. Na ce hidima ce ta yi masa yawa.

Ranar da aka kafe sunaye, mai gwanjon lungunmu ne ya tare ni ina sauka daga bas. Ya ce, "Malama, je ki duba da idonki, ni ba zan faɗa ba." Na hau acaɓa na je. Na bi takardar da yatsa har na zo kan mazaɓarmu. Sunan ɗan ƙanwar Baba Lanlod ne. Na sake bi daga sama, ko na tsallake layi. Shi ne dai.

Ina tsaye a wurin sai ga yaron namu ya fito daga cikin ofishin, da sabon kaftani da hula, yana dariya da wasu. Da ya gan ni dariyar ta tsaya. Ya ja ni gefe, bayan wata mota.

"Sun sace maka," na ce. "Mu tafi kotu. Duk muna nan, za mu yi shaida."

"Ba sata ba ce, Yaya. Masalaha aka yi. Manya sun zauna a Kaduna, aka ce in janye, na janye."

"Ka janye? Da izinin wa?"

"Ki gane mana. Ba a bar ni haka ba. Za a ba ni sufabaiza, kansilan naɗi, ɓangaren ayyuka. Wannan ciyaman ne ke naɗawa, ba ruwansa da zaɓe. Ya ma fi ƙarfi. Layin nan da kika tara shi ya sa suka san da ni, da ba su ga mutane ba ko kallona ba za su yi ba."

Wato mu kaya ne ya kai kasuwa ya nuna. Muka tsaya cikin rana, tsofaffi da masu goyo, don a san farashinsa. Na ce masa an ba Mama zuwa ƙarshen wata ta bar ɗakinta.

Ya ce, "Wace Mama?"

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai da na ce mai kifi, wadda ka durƙusa a ƙofarta, sannan ya ce oho. Ya sosa ƙeya. Ya ce yanzu shi da Baba abu ɗaya ne, ba zai fara da rigima a kan ɗakin haya ba, amma zai duba lokacin da ya dace. Na ce ashe haka ake gwamnati? Ya yi wata 'yar dariya, irin ta wanda ke lallashin yaro, ya ce, "Yaya, wannan kwalin naki na jarrabawa ne." Na gaya masa maganganu a wurin nan waɗanda ba su dace da bakin malama ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Na je wurin Baba Lanlod da kaina, na durƙusa. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi 'yan makaranta. Ya ce shi bai san wata siyasa a maganar nan ba, kowa da ra'ayinsa, gyara kawai zai yi. Ya faɗa da fara'a har ya raka ni ƙofa. Sauran 'yan hayar bai taɓa ko ɗaya ba. Ba ya bukata, duk sun ga abin da ya sami wadda suka bi. Na zaga Muchia da unguwar Jama'a ina nema wa Mama ɗaki mai taga a bakin hanya. Inda akwai, da an ji ko wace ce sai a ce an riga an bayar. Na ce ta dawo gidanmu, in kwashe kayan ɗakin ajiya. Ta ce ɗakin yana can ƙurya, wa zai shigo sayen kifi, kuma ba za ta zauna tana kallon ƙofarta daga tsallaken lungu ba. Ta aika wa 'yar ƙanwarta a kudu, aka ce ta zo.

Kada in yi wa yaron nan ƙarya, an yi aikin kwatar. Bayan ya shiga ofis aka zo da siminti aka gyara kwatar, daga kusurwar gidan Baba Lanlod zuwa ɗaya kusurwar, aka tsaya nan. Ɗakin Mama kuwa aka yi masa fenti da launin jam'iyya, aka sa benci biyu, ya zama ofishin mazaɓa. Ruwa ya daina shiga. Mutanen lungu suka koma gaishe da yaron da ranka ya daɗe, wasu cikin matan da na tara har anko suka yi ranar rantsar da shi. Ni ce dai aka daina tambaya ra'ayi a zumunta, kuma ban ga laifinsu ba.

Mama ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ranar Asabar ta ƙarshen wancan watan na raka ta tashar manyan motocin kudu da safe. Kayan shekara arba'in ba su wuce akwatin ƙarfe ɗaya da buhu biyu da katifa a naɗe ba. Kafin mu fito ta tsaya ta kulle ɗakin da kanta, ta kai wa Baba makulli, ta yi masa godiyar zama. A tasha 'yan kamasho suna ta ihu, ana ɗora doya da buhunan albasa a bayan mota. Ta sa aka sauke babban kaskonta daga cikin kaya, ta ce ba za a bar ta ta yi suya a gidan mutane ba, in riƙe.

Tun daga gida nake ta magana, don in na yi shiru kuka zan yi. Ina ta zagin yaron nan. Na ce ya ci amanarmu, ya ci amanar tukunyar da ya ci, Allah zai saka mana. Na ce ya yaudare ki, Mama, ya durƙusa a gabanki ya yi miki ƙarya. Ina so ta taya ni, ko da kalma ɗaya ce, mu haɗu mu tsine masa.

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Wa, yaron nan? Ni bai yaudare ni ba, Tica. Ban san shi ba. Ko hotonsa a takarda ban kalla ba." Ta dafa kafaɗata don ta hau matakalar motar. "Ranar nan ai bayanki na tsaya."

Ta shiga ta zauna a ɗaya gefen, inda ba na ganinta ta taga. Na tsaya a wurin da kasko a hannu har motar ta cika ta tashi.